Man Kaɗen Inna a Bututun Gilashi

Ɗakin da aka turo mini hotonsa tun ina gida yana da taga, har da labule da fulawa a kasko. Da na iso na tarar ba a yi mini ƙarya ba, tagar tana nan. Abin da mai gidan bai ɗauka a hoton ba shi ne bangon da ke gabanta, wanda in na miƙa hannu sai na taɓa shi. Na ajiye akwati, na zauna a bakin gado cikin rigar sanyin da na saya a gwanjo, na ce wa kaina, "To Rabi, kin baro Bebeji kin zo Turai kallon bango." Wannan ne zangona na farko, a wani gari na arewacin Turai inda rana take leƙowa a makare, ta koma tun kafin mutum ya gama jin ɗuminta.

Ni 'yar ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka tayar ce lokacin da ruwan Tiga ya cinye tsohon garinmu. Ban ga tsohon garin ba, a bakin mahaifiyata, Inna, na san shi. Shekara shida na yi ina koyar da kimiyyar fiziks a wata kwaleji kafin in sami gurbin wannan karatu, kuma gurbin ya zo da sharaɗi. Zan yi wata shida na gwaji a ɗakin bincike. Idan Farfesan da ke kula da ni ya gamsu, zai sa hannu a wata takarda, da ita kuma za a ba maigidana da 'yarmu izinin biyo ni. Idan bai gamsu ba, in tattara in koma. 'Yar tawa sunan Inna aka sa mata, muna kiranta Ummi, shekararta uku. A hannun Inna na bar ta, domin babanta a Kiru yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa.

Abin da ya fara karya mini gwiwa gaisuwa ce. Ranar farko na bi ofis ofis ina gaida mutane, ina tambayar yadda suka kwana da yadda iyali suke. Wasu suka ɗaga kai suka yi ɗan murmushi suka koma kan kwamfuta. Wata ta tambaye ni ko wani abu na ɓatar nake nema. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu, haka Allah ya yi su. Amma ni da na tashi inda ake tsayawa a gaisa da mutum har a tambayi gajiyarsa ta shekaranjiya, sai na wayi gari ina iya yin yini guda ban buɗe baki ba sai in na zo salla.

Mutum ɗaya ne ya amsa mini yadda ake amsawa. Wani dattijo ne mai suna Tomas, wanda yake hura gilashi a ɗakin da ke ƙasan ginin, shi yake ƙera duk bututun da ake aiki da su. Turancinsa guntu-guntu ne, ni kuma yarensu ko ruwa ban iya nema da shi ba. Da na gaishe shi sai ya kashe wutarsa, ya cire tabarau, ya juyo gaba ɗaya ya saurare ni. Tun ranar na sa masa Baba Tomas. Na koya masa "lafiya lau", ya riƙe ta gam, ko tambayarsa na yi inda makulli yake sai ya fara ce mini lafiya lau tukuna.

Zangona na biyu wani ɗan ɗaki ne a hawa na uku da aka toshe tagoginsa da baƙin ƙyalle, domin aikina ba ya son hasken waje. A kan tebur akwai bututun gilashi da bai kai tsawon hannuna ba, da ɗan faifan ƙarfe a kowane baki. Za a zuƙe iskar da ke ciki da famfo, a saka ɗan ƙanƙanin wata iska mai suna neyon, sannan a ba faifan nan biyu wutar lantarki. Nan take iskar take kamawa ta zama abin da ake kira filasma, ta yi ja kamar garwashi, amma in ka taɓa gilashin ɗumi kawai za ka ji. Shekara shida ina zana wannan bututun da alli ina yi wa ɗalibai bayani, ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Ranar da Farfesa ya kunna mini nasa, na ga siririn haske a jikin faifai ɗaya, sai duhu, sai haske mai ƙarfi, sai wani duhun, sannan dogon jan haske har ƙarshe, daidai yadda nake zanawa. Na ce "Allahu Akbar" a fili ban san na faɗa ba.

Farfesa dogon mutum ne mai sauri, ko magana yake yi ƙafarsa ɗaya tana bakin ƙofa. Ya ce, "Kin ga dogon hasken nan? Ido yana ganinsa sumul, amma layi-layi ne, suna gudu fiye da yadda ido zai kama. Wannan na'urar ce take ganinsu. Ki haɗa naki bututun, ki auna mini gudunsu in an ƙara iska da in an rage. Aikin wata biyu ne."

Na ce, "To."

Ya ce, "Kina bukatar wanda zai tsaya miki a karon farko?"

Na ce, "A'a, babu komai."

A wurinmu in babba ya yi maka tayi, ka fara cewa a'a, shi kuma ya sake, ya matsa, sannan ka karɓa. Na tsaya ina jiran ya sake. Ya ce madalla, ya fita.

Na bi takardar umarni layi bayan layi. Na sa safar hannu ta roba, na goge faifan ƙarfen da takarda mai laushi har suka yi ƙyalli, na wanke su a sinadari, na ɗaura, na zuƙe iska, na kunna. Ja ya kama, kyakkyawa. Na zauna ina washe baki ni kaɗai. Kafin kwata ɗin awa sai jan ya fara koɗewa, ya koma fari-fari da ratsin shuɗi, layukan da ya kamata su yi ta gudu kuma suka tsaya cak, ido yana ganinsu ɗaya bayan ɗaya kamar kunyoyin gona. Abin da kyau kam, sai dai ba shi aka aike ni ba.

Farfesa ya leƙo ya duba sau ɗaya. Ya ce, "Akwai datti a iskarki. Neyon mai tsabta ba ya haka. Nemo inda yake shiga." Na ce to.

Na nema. Na zargi famfo, na zargi tukunyar iskar, na zargi kowace mahaɗa na bi ta ina ɗaurewa. Na kwance bututun na sake wanke faifan, ban san adadi ba, har na sa Baba Tomas ya ƙera mini wani bututun. Duk sanda na ƙara kulawa sai abin ya ƙara saurin lalacewa. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, na uku ya shigo da ƙanƙara. Ina shiga ɗakin gari bai gama wayewa ba, in fito duhu ya riga ya dawo, tsakaninsu kuma ina cikin duhun da aka haɗa mini da baƙin ƙyalle. A taron mako kowa yana nuna sakamakonsa, in an zo kaina in ce ina kan nema. Na taɓa jin wani ɗalibi yana cewa wataƙila na fi dacewa da aikin takarda da biro. Na kwana biyu ina ba shi amsa a raina.

Abu ɗaya ne nawa a garin nan. Da zan taho Inna ta cika mini babban gwangwanin madara da man kaɗe. Ƙwarar daga wajen matan Doguwa ta saya, ita ta soya, ta daka, ta dafa, ta kwashe man da hannunta. Ta ce, "An ce sanyin can yana tsaga fata. Ki shafa, kada ki yi masa rowa." Kullum da safe, da kuma bayan kowace alwala, nakan lakato in murza a hannuwana. Ƙamshin nan mai ɗan hayaƙi-hayaƙi yakan cika ɗakina mai kallon bango, in na rufe ido sai in ji kamar ina tsakar gidanmu. Ba don shi ba, da ban kai wata uku ba.

Ranar Lahadi nake kiran gida ta bidiyo, in baban Ummi ya zo da waya. Da farko Ummi takan fizge wayar ta manna fuskarta tana ihu. Daga baya ta koma ɗaga hannu daga nesa. A wata na huɗu Inna ta ce mata, "Zo ki gaida mamanki mana." Yarinyar ta leƙo ta dube ni kamar yadda ake duban baƙuwar da ta zo barka, ta shige bayan zanin Inna.

Inna ta ce, "Ƙuruciya ce, Rabi, kada ki sa a ranki. Yaya karatun?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Ana ta yi."

"Kina dai shafa man?"

"Ina shafawa."

Da na kashe wayar na yi kukan da ban yi ba ko a filin jirgi. Gaskiya har na fara fatan a kore ni in huta. Sai kuma in tuna komawar da zan yi hannu biyu, bayan na sa yarinya ta manta fuskata a banza, sai zuciyar ta sake dakewa.

Saura mako biyar Farfesa ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai iya sa hannu a kan aikin da bai gani ba, kuma in akwai abin da nake bukata in faɗa. Wannan karon ma na ce babu komai. Da na fito na ji haushin kaina, da na rasa wanda zan sauke wa sai na gangara wurin Baba Tomas, na ce ya ƙera mini sabon bututu, na uku ke nan, domin wannan ma yoyo yake yi.

Ya cire tabarau. Yau babu lafiya lau. Ya ce, "Shekara arba'in ina hura gilashi. Gilashina ba ya yoyo."

Na ce, "To ni ce nake yoyon ke nan?"

Ya dube ni, ya kashe wutarsa, ya ce, "Mu je in gani."

Da ƙyar ya hau matakalar saboda gwiwa. Ya jawo kujera ya zauna a lungu, ya ce in yi komai daga farko kamar ba ya nan. Na yi, da fushi ma, don ya gani da idonsa. Na sa safa, na goge faifan, na wanke a sinadari, na ɗaga shi a fitila na ga yana ƙyalli. Sannan na zare safar dama, na bi fuskar faifan da babban yatsana don in ji ko da sauran kaushi, na kai hannu zan ɗaura.

Ya ce, "Tsaya."

Na tsaya, faifan a hannuna.

"Me kika yi yanzu?"

"Ban yi komai ba."

Wallahi ban san na yi ba. Tun ina 'yar shekara bakwai Inna take zaunar da ni tsintar shinkafa, in na ce na gama ta ce kada in yarda da idona, in sa yatsa in bi. In na wanke tukunya ma haka, sai na shafa cikinta na ji babu saura kafin in kife. Hannuna ya riga ya koyi cewa aiki bai kammala ba sai fata ta taɓa shi. Kuma a ganina hannun da aka wanke da sabulu, aka yi alwala da shi, ai ba shi da datti.

Baba Tomas ya zaro ɗan ɓallin gilashi daga aljihunsa, ya goge, ya ce in danna yatsana. Ya ɗaga shi a fitila. Ga shatin yatsana nan ɓaro-ɓaro, kowane zane yana maiƙo. Ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Wuta tana dukan faifan, man yana tashi ya shiga iskar. Kaɗan ya isa. Wane irin mai ne wannan?"

Na dubi shatin yatsan nawa. Wata biyar ina farautar datti, ashe man Inna ne. Na zauna a ƙasa na rufe fuska da mayafi. Daga nan na gaya masa itacen kaɗanya, da dakan, da gwangwanin madara, da Ummi da take ɓuya a bayan zani. Ban san nawa ya gane ba. Ya bari na gama, sannan ya ce tasa mahaifiyar kitsen dinya, babbar agwagwar nan, take shafa masa a ƙirji in sanyi ya shigo, har yau in ya ji warinsa sai ya nemi wurin zama.

Na ce, "Baba, za ka gaya wa Farfesa?"

Ya ce, "Ni gilashina na zo dubawa. Ba ya yoyo." Ya dafa tebur ya miƙe.

Ni na je na faɗa da bakina washegari, domin ba zan iya a riƙa rufa mini asiri a kan abin da ba sata ba. Farfesa bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "Me ya sa ba ki ce a zo a tsaya miki ba?" Ya duba kalanda ya ce saura mako huɗu da 'yan kwanaki, sharaɗin kuma yana nan yadda yake.

Zangon da ya biyo baya shi ne mafi wuya, ko da yake shi ne gajere. Baba Tomas ya gasa sabon bututu a tanda don duk abin da ya maƙale ya fita, aka ba ni sababbin faifai. An ce mini safa kawai ta isa in ban cire ba, amma tsoro ya riga ya shige ni. Na rufe gwangwanin, na ɗaure shi a leda, na tura can ƙasan akwati. Cikin kwana huɗu hannuwana suka farfashe, ruwan alwala yana shiga kamar barkono. Ɗakina ya koma warin fenti da injin ɗumama. In na dawo na buɗe ƙofa, babu abin da yake tarbata, sai in tsaya da makulli a hannu na ɗan lokaci kafin in shiga. Ranar Lahadi Inna ta tambaya ko ina shafawa, na ce ina shafawa, na ɓoye hannun a ƙarƙashin tebur.

Ranar da na kunna sabon bututun na naɗe safar dama da salatif a wuyan hannu, don ko hannun ya so halinsa ya kasa. Ja ya kama. Na zuba wa agogo ido. Kwata ya wuce, rabin awa, awa guda, jan yana nan sumul bai koɗe ba. A fuskar na'ura kuwa ga layukan suna ta wucewa a guje, a jere, yadda littafi ya faɗa. Na juya in ce wa wani ya zo ya gani, babu kowa. Na yi sujada a kan ledar ɗakin, na tashi na fara rubuta lambobi.

Na gama awon saura kwana uku. Farfesa ya karanta a tsaye, ya yi tambaya biyu, ya sa hannu, ya ce in rubuta labarin layukan da suka tsaya ma, domin shi ma sakamako ne. Da na gangara na gaya wa Baba Tomas sai ya miƙo mini wani dogon abu a naɗe da jarida. Tsohon bututuna ne. Bai wanke shi ba, ya narke bakinsa ya liƙe da iskar a ciki. Ya ce, "Wannan na mahaifiyarki ne. Ajiye."

Takardun izini sun ɗauki wata huɗu kafin su fito. Ranar da maigidana da Ummi za su sauka na yi wanka tun da hantsi, na canza mayafi sau uku. Har na kai ƙofa na dawo, na buɗe akwati, na kwance ledar. Ba ranar aiki ba ce. Na lakato man da yawa na murza har gwiwar hannu.

Na hango su daga nesa a filin jirgi, babanta yana tura kaya, ita tana riƙe da gefen rigarsa cikin wata rigar sanyi da ta yi mata yawa. Ta ƙara tsawo, an yi mata kitson da na san hannun Inna ne. Na durƙusa na buɗe hannuwa na ce, "Ummina!" Ta dube ni, ta koma bayan ƙafar babanta.

Ya ce, "Haba Ummi, mamanki ce fa. Je ki mana." Ta ƙanƙame wandonsa.

Na ce masa, "Ƙyale ta." Na tsaya a durƙushe, mutane suna ratsa mu da akwatuna. Ban sake kiranta ba, hannuna kawai na miƙa a hankali na gyara mata hular da ta zamo. Zan janye sai ta kama yatsuna. Ta kai su hancinta, ta shinshina, ta sake shinshinawa. Ta ɗaga kai ta dubi babanta.

Ta ce, "Abba, hannun Inna."

Ba ni ta gane ba, na sani. Amma ba ta saki hannun ba har muka isa gida.